Baƙin Ɗaki Na Huɗu

Sirin ta tsaya a zauren gidan da aka haife ta, jaka a hannu. Shekara biyar rabonta da Binzart, garinsu na bakin teku. Gidan nasu da ke bayan tashar jiragen masunta ya koma ɗan otal mai ɗaki shida, ya sha fenti fari da shuɗi. Mahaifinta, Si Monsef, na zaune a teburin karɓar baƙi. Ya ɗago da fara'ar da yake wa kowa, yana ganinta ya haɗe rai.

"Baba, ina wuni..."

"Me ya kawo ki? Kuma har da wannan a bayanki!"

Mijinta Nizar ya rusuna. "Baba, ɗaki muka kama ta intanet, kwana uku. Mun ji jibi za a yi wa Umma aikin zuciya."

"Kul ka sake ce min Baba! Wanda ke kirana Baba yana ƙarƙashin teku, kuma kai ka tura shi!"

Wasim yake nufi, ƙanen Sirin kuma aminin Nizar, wanda ya hau kwalekwalen masu tsallakawa Italiya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Maƙwabta sun ga Nizar a bakin ruwa ranar, daga nan gari ya ɗauka cewa shi ya haɗa yaron da masu jirgin. Nizar ya rantse ba shi ba ne, amma ya ƙi ƙara komai. A lokacin watansu biyu da aure. Si Monsef ya ce Sirin ta zaɓa, ko miji ko uba. Ta bi mijinta garin Safakus tana kuka.

Tsohon ya wurgo makulli a kan tebur. "Ban taɓa korar baƙo ba, ba kuma zan fara a kanku ba. Ɗaki na huɗu. Ban san ku ba, ba ku san ni ba."

Ɗaki na huɗu ɗakinta ne na ƙuruciya. Tana shiga ta fashe da kuka. Can sai ga mahaifiyarta, Najiba, ta lallaɓo tana dafa bango, ta rame ta yi fari. Suka rungume juna. Da Nizar ya gaishe ta, ta amsa ciki-ciki, idonta a ƙasa, ta juya ta fita.

Washegari aka hau soro karin kumallo. Si Monsef da kansa yake rarraba burodi da zaitun da kofi. Ya ajiye wa Sirin nata, ya tsallake Nizar kamar kujerar babu kowa. Sannan ya juya wajen wasu mata da miji da suka zo da samari biyu daga Tunis, ya ɗaga murya:

"Ku sa ido a kan yaranku. Akwai dillalin mutane a otal ɗin nan, ga shi can zaune kamar na Allah!"

Kowa ya waiwayo. Nizar ya miƙe ya sauka.

"Baba, ka ji tsoron Allah!" in ji Sirin.

"Ke za ki koya min tsoron Allah? Kina kwana gado ɗaya da wanda ya kashe ƙanenki! Ki rabu da shi yau, gobe gidan nan naki ne."

Ta iske Nizar a ɗaki yana kallon kwalekwale ta taga. Ta rufe ƙofa da ƙarfi.

"Har yaushe, Nizar? Shekara biyar ina kare ka da maganar fatar baki! In ba kai ba ne, wane ne?"

"Alƙawari na ɗauka, Sirin."

"Alƙawarin ya fi aurenmu? Ya fi mutuncinka? A gaban baƙi fa aka ce maka dillalin mutane!"

"Na ji."

"Ka ji! Shi ke nan? Wallahi wani lokaci har ni kaina nakan ce ko dai..."

Ta haɗiye sauran. Ya juyo, idanunsa jajir. "Ƙarasa mana."

Ba ta ƙarasa ba. Wunin ranar babu wanda ya sake yi wa wani magana. Amma da la'asar ta ɗauko rabin kuskus ɗin da aka aiko mata ita kaɗai, ta ajiye a gabansa, ta zauna har ya ci.

Ranar tafiya asibiti, da sassafe, Najiba ta fito tsakar gida, jakarta a gefen bishiyar lemun tsami. Nizar ya sunkuya zai ɗauka. Tas! Si Monsef ya ɗauke shi da mari.

"Ɗauke ƙazamin hannunka daga kayan matata!"

"Monsef, ya isa!" Najiba ce ta ƙwalla ihu, abin da Sirin ba ta taɓa ji ba tun tasowarta. "Ba zan shiga ɗakin tiyata da wannan a wuyana ba. Ni ce! Ni na tura Wasim!"

Ta dubi mijinta ta ci gaba:

"Awarwarona na gwal da na ce suna wajen ƙanwata, sayarwa na yi na ba shi. Kullum kana ce masa cima-zaune, yaro ya daina cin abinci, ya ce ko ya tafi ko ya kashe kansa. Wannan bawan Allah bin sa ya yi har bakin ruwa yana riƙe masa riga, Wasim ya naushe shi ya ƙwace. Shekara biyar ina kallo kana zaginsa, tsoro ya hana ni magana. In za ka sake ni, sake ni yanzu!"

Ta zube a kan dakali tana haki. Sirin ta riƙe ta, tana kallon mijinta da shatin yatsu a kumatu, kunya ta kama ta. Nizar ne ya ɗauki jakar ya ce, "Mota na jira, kar mu makara."

Awa huɗu ana aikin. Si Monsef na ƙarshen benci shi kaɗai, hularsa a hannu. Sai can Sirin ta ji muryarsa a dishe yana tambayar Nizar:

"Me Wasim ya ce maka na ƙarshe?"

"Cewa ya yi kar in bari ka san Umma ce, don ya san ba za ka yafe mata ba. Ya kuma ce in ce maka ba don ya ƙi ka ya tafi ba. Na zo in faɗa maka, ka rufe min ƙofa."

Tsohon ya rufe fuska da hular, kafaɗunsa na jijjiga. "Ni na kore shi da bakina, na kuma ɗora maka. Ɗana, da wane ido zan kalle ka?"

"Ya wuce, Baba."

Da Najiba ta farfaɗo, fuskar mijinta ta fara gani. Ta kawar da kai tana jiran hukunci. Shi kuwa ya gyara mata filo ya ce, "Ki warke mu koma gida. Laifin namu ne mu biyu, tare za mu roƙi gafara."

A bakin ƙofar ɗakin Sirin ta kama hannun Nizar. "Na yi zarginka a raina. Ka yafe min."

"Kin zarge ni, amma ba ki tafi ba," in ji shi.

Haka Allah ya wanke mai haƙuri bayan shekara biyar. Iyaye su yi hattara da abin da bakinsu ke faɗa wa 'ya'yansu, kada kuma baƙin ciki ya sa mutum ya yanke wa wani hukunci a kan abin da bai tabbatar ba.