Dutsen da Ya Jira Sunansa

A wani gari can da daɗewa, wata mai nazarin taurari ta hango ƙaramin dutse a madubin hangen nesa, yana kewaya rana tsakanin taurarin Mirrihi da Mushtari.

Kakarta Tabawa ta ce, "Raɗa masa suna mana."

Ta ce, "Ban tabbatar da hanyarsa ba, Kaka. Sai ya dawo."

Shekara ta zagayo, mutane suka ce ya ɓace. Ta ce, "Sai ya dawo."

Kaka ta kwanta ciwo, ta ce, "Anya zan ga ranar sunan nan?" Jikar ta share hawaye, ta ce, "Sai ya dawo, Kaka."

A shekara ta huɗu ya ɓullo daidai inda ta lissafa. Ta sa masa suna Tabawa.

Kaka ta dogara sanda ta fito, ta ce, "Matsa in ga takwarana."