Kwandon Wayoyin Zumunta

Insfekta Musbahu na tsaka da shan shayin citta a ofishinsa na Kafanchan sai ga Keziya ta shigo da ido jajir. Malamar sakandare ce a Kagoro, tana karatun digiri na biyu daga gida. An ɗauke mata kwamfutarta ta laftof, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓar bincikenta a kan ciwon da ke cinye citta a gona. Idan ta rasa, shekara guda ta tafi a banza.

Musbahu mutum ne da ba ya jin kunyar cewa bai sani ba, don haka da ta ambaci VPN ya ajiye kofi ya ce ta yi masa dalla-dalla.

"Oga, kamar ƙofan baya ne zuwa jami'a," in ji ta. "Ina Kagoro, amma in na kunna shi, laburare da wajen miƙa aiki duk zai buɗe kamar ina cikin makaranta. Sai dai kowane shiga, za su turo lamba a wayana."

Ya karɓi wayar ya duba. An turo lambar har sau biyu bayan satar, Talata da Alhamis da yamma, kuma an buɗe saƙonnin. Keziya ta rantse ba ita ba ce. Nan Insfekta ya ji daɗi har cikin ransa, domin ɓarawon da ke buƙatar wayar mai kaya bai yi nisa ba.

Ya fara da Boaz mai cajin waya a bakin kasuwar Kagoro, inda Keziya ke kai tata idan babu wuta. Boaz ya ce ranar Talata yana shago har magariba. Mai kosai da ke gefensa ta yi dariya ta ce tun azahar ya kulle ya tafi inda ake dama burkutu. Ƙarya ya yi kam, amma don tsoron matarsa, kuma tonuwar ƙaryar ce ta wanke shi, tunda shagon na kulle lokacin da aka turo lambar.

Musbahu ya koma ya tambayi Keziya inda take zuwa Talata da Alhamis.

"Zumuntan mata a coci, Oga. Koyon waƙa."

"Da wayar a hannunki?"

Ta ce a'a. Tun ranar da wayar wata ta yi kuka ana tsakiyar addu'a, shugabarsu ta kafa doka: kowa ta jefa waya cikin kwando a bakin ƙofa. Mai kai kwandon ɗakin baya kuwa Zipora ce, ƙawarta, wadda suka fara karatun tare kafin ita Zipora ta dakatar da nata.

Ya sami Zipora a ƙofar gida tana shanya citta. Ta karɓe shi hannu bibbiyu, har da ruwan sanyi. Ta ce ajiye kwandon kawai take yi ta dawo cikin mata, waƙa ɗaya ba ta wuce ta. Amma da ya gaisa da shugabar zumunta a hanya, dattijuwar ta yi ƙorafin cewa kwana biyun nan tulun kiɗa ba ya tashi da wuri, mai buga shi sai an yi nisa take shigowa. Zipora ce mai tulun.

Da Alhamis ta zagayo, ana gobe za a rufe karɓar aikin, Keziya ta jefa wayarta a kwando kamar kullum. Musbahu ya zauna gindin mangwaro a bayan coci, shi da Kofur Faustina, yana kaɗa ƙafa da waƙar da bai san baitinta ba. Da aka shiga waƙa ta biyu babu ƙarar tulu, suka tura ƙofar ɗakin baya.

Zipora na zaune a benci, laftof bisa cinya, wayar Keziya a hannu. Akwatin zannuwan zumunta, inda take ɓoye shi, yana buɗe a gefenta.

Ba ta wahalar da kowa ba. Ta ce da ta dakatar da karatu an rufe mata VPN, ga shi tana son komawa, ba ta da abin nuna wa malaminta. Ta so ta kwashe littattafai da aikin Keziya, ta sauya sunan ƙauye, ta mayar da laftof ɗin kafin Juma'a.

"Da kin roƙe ni, da mun zauna mun karanta tare," in ji Keziya daga bakin ƙofa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Faustina ta fita da Zipora ta baya, ba ankwa, don kada mata su gani. Musbahu ya ce laftof ɗin kayan shaida ne, amma zai jira. Keziya ta zauna a wannan bencin, lamba ta shigo, ta miƙa aikinta yana tsaye.

Da suka fito, shugabar zumunta na riƙe da kwando tana neman wadda za ta karɓa. Keziya ta wuce ta ɗauki tulun, wayarta kuwa ta ɗaure ta tam a bakin zani.