Abin da Ke Bayan Muryar Inna

Allurar ma'aunin dattin sauti ta yi ƙasa, ta ƙara yin ƙasa, har ta kwanta a inda Injiniya Barira Tanimu ba ta taɓa ganin ta kai ba. A kan teburin, majuyin sauti yana aiki shiru, ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba, wayoyinsa sun tafi zuwa agogo biyu da ta jera gefe da gefe. Ta tagar hawa na talatin da huɗu ta ga jirgin maganaɗisu na safe ya wuce ta saman tsohuwar ganuwar Katsina. Allurar ko motsi.

Aikin majuyi shi ne ya ɗauki lambobin da aka adana murya a cikinsu ya mayar da su sauti. Lambobi ba sa tsufa, abin da ke ɓata murya yana wajen agogo da wuta. Agogo ne ke gaya wa majuyi lokacin da zai saki kowace lamba, sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. In ya yi gaggawa ko ya makara, komai ƙanƙantar abin, sai murya ta yi hazo. Barira ta raɗa wa wannan suna makyarkyata. Ita kuma wutar gari tana ɗauke da gurnanin duk injin da ke jan ta, daga lif har firji, gurnanin ya biyo waya ya kwanta a kan sauti kamar tsatsa.

Shekara ashirin da shida ta yi tana gwada wannan da wancan. Agogon kiristal da ake ɗumamawa yana da taushin sauti, amma in rana ta take sai ya fara zamewa. Na ƙarfen rubidiyam ba ya zamewa, sai dai yana da wata siririyar ƙara tasa. Da ta raba majuyin da wutar gari ta ba shi batirin gishiri, rabin gurnanin ya tafi. A wannan safiyar ta haɗa batirin da sabon agogon haske da ta ƙera da hannunta, sauran rabin ma ya bi shi.

Abokan aikinta a Gidan Adana Muryoyi sun ɗauka neman suna take yi. Ita kuwa saboda wani saƙo ne na minti biyu.

Tana da shekara bakwai innarsu ta tafi Maraɗi ganin gida. Daga can ta aiko musu da saƙon murya ta wayar babansu, bayan sati uku kuma aka ce zazzaɓi ya kama ta, ta rasu. Barira da yayanta Sabi'u sun girma suna sauraron saƙon nan a tsakar gidansu na Kofar Sauri, gindin bishiyar lemo, lokacin da gidaje ke da tsakar gida. A bayan muryar akwai wani shuu mai zuwa yana komawa. Baba yakan ce laifin wayar ne.

Yanzu Sabi'u ya haura sittin da biyar, idanunsa sun mutu, ƙafa ma ta fara ƙi. Da hantsi kujerarsa mai tuƙa kanta ta shigo da shi ɗakin gwajin.

"Auta, kin ce yau ce ranar."

"Yau ce, Yaya. Ban saurara ba, na jira ka."

"To bismillah. Ni dai in ji ta kamar tana tsaye a bakin murhu."

Ta kunna. Muryar ta fito tas, kusa, har Barira ta waiga.

"Sabi'u, Barira, 'ya'yan albarka. Kuna cin abinci? Barira, ki bar tsotsar yatsa, kin girma. Ga kilishi nan na saya muku, da takalmi ja..."

Sabi'u ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. "Wallahi ita ce! Ji yadda take jan sunana."

Amma shuu ɗin yana nan. Barira ta dubi allura, tana kwance. Babu makyarkyata, babu gurnani, babu abin da na'ura ta ƙara. Ta mayar da saƙon farko, ta ɗaga sauti. Sai ta gane shuu ɗin ba ya zuwa sai Inna ta kai ƙarshen magana. Numfashi ne, ana jawo shi da ƙyar. A ƙarƙashinsa wani abu yana ƙara a hankali, tit, tit, tit, irin na'urar da ake sa wa marar lafiya. Can nesa, a daƙiƙar ƙarshe, inda a da ba a jin komai sai hazo, wata mata ta ce, "Baiwar Allah, ki mayar da abin numfashin nan haka."

Inna ta ce, ƙasa ƙasa, "Bari in gama da yarana."

Barira ta zauna a ƙasa kusa da kujerar yayanta.

"Ba ganin gida ta je ba," in ji ta.

"A'a."

"Ka sani, Yaya?"

Sabi'u ya ce, "Na taɓa ganin Baba yana ɓoye takardun asibiti a cikin adaka. Ban tambaye shi ba. Na fi son zancen kilishin." Ya lalubo kanta ya dafa. "Ta cire abin da ke riƙe da ranta don kada mu ji ciwo a muryarta. Da Baba, da wayar, duk sun rufa mata asiri. Mu ne muka tona."

"Ni ce, Yaya."

"Ni na roƙe ki."

Bai sake neman a kunna masa ba, har ya rasu da damina.

Majuyin Barira ya yi suna. Aka kafa shi a ɗaki goma sha biyu na Gidan Adana Muryoyi, mutane suna zuwa daga Zinder, daga Sakkwato, kowa da tsohon katin wayar kakarsa ko ubansa a ƙulle cikin hankici. Wasu sukan fito suna murmushi. Wani dattijo ya fito ransa a ɓace, don ya ji muryar wanda ke tsaye a bayan mahaifinsa yana gaya masa abin da zai faɗa ranar da ya yi wasiyya.

Barira ta ƙi karɓar kujerar darakta, ta roƙi a ba ta teburin bakin ƙofa. Duk wanda ya miƙo katinsa, sai ta riƙe hannunsa tukuna ta ce, "Na'urar nan ba ta rage komai. Har abin da mamacin bai so ka ji ba, za ka ji. Ka tabbata?"

A shekara uku da ta yi a teburin, mutum biyu ne kawai suka mayar da katinsu aljihu.