Mai Bokiti a Gindin Mutum-mutumi

Sanyi ya kai sanyi a daren da ta fara ganinsa, har yatsa na ƙin danna kyamara. Ta zo ɗaukar hoton mutum-mutumin da ke tsakiyar shataletale, na tsohon magajin garin da ya rushe unguwa guda don ya shimfiɗa titi. Rabin gari na cewa a kayar, rabi na cewa a bar tarihi. Ranar ma an sake watsa masa jan fenti.

A gindinsa ga wani saurayi durƙushe da bokiti da buroshi. Hasken kyamara na kama shi ya zabura kamar mara gaskiya.

"Yi haƙuri, malam. Aikinka ne wankewa?"

"Eh, aikina ne," ya ce, kansa a ƙasa.

Ta ga sanyi na cin hannunsa, ta miƙa masa safar hannunta ɗaya. Ya karɓi lambarta wai don ya maido, amma har wata uku yana zuwa zance wurinta, safar shiru.

"Mai Bokiti, ina safata? Hannuna ɗaya ya gama daskarewa."

"Haskena, in na maido, da wane dalili zan sake zuwa?"

Abin da bawan Allah ya ɓoye shi ne, mutum-mutumin nan da ke tsaye saman dutse na kakansa ne. Ita kuwa ta sha ba shi labarin gidan kakarta da aka rushe, da yadda babanta har yau yake zagaye don kada ya bi ta shataletalen. Duk sanda ta faɗa sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya sha buɗe baki zai faɗa, kunya ta rufe shi.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da babanta ya ce ta nuna masa wanda take so, hoton daren farko ta nuna. Tsohon ya gyara tabarau, ya dubi saurayin, ya dubi fuskar ƙarfen da ke samansa.

"Wannan hancin na san shi. Jikansa kika kawo mini? Ga ɗan yayata ya shekara biyu yana jiranki!"

Ta shige ɗaki ta rubuta wa saurayin saƙo: "Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne. Ni tela ne, ba wanda ya ɗauke ni aikin wanki. Ba ni da idon da zan dube ki. Ki yafe mini."

Mako guda ba ta amsa ba. Ta buɗe hoton za ta goge, sai ta ƙara girmansa don ta yi masa kallon ƙarshe. Fuskar mutum-mutumin tana nan ja wur, ba a taɓa ta ba. Gindin dutsen yake wankewa, inda mutanen unguwar suka karce sunayen iyayensu. Ta kai wa babanta. Ya bi sunayen da yatsa, ya tsaya a kan ɗaya.

"Innata ce. Ni na rubuta da ƙusa, ina ɗan shekara sha biyar. Kira mini shi."

Ya zo ya durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Me ya hana ka wanke fuskar?"

"Baba, fentin fuskar shi ya jawo wa kansa. Sunayen ne ba su yi wa kowa laifi ba."

"Ƙaryar da ka yi wa 'yata fa?"

"Ita ce na rasa buroshin da zai fitar, Baba."

Tsohon ya ce, "Hancin na kakanka ne, hannun kuwa naka ne. Turo magabatanka."

Sanyi na sake zagayowa aka ɗaura aure. Da motar amarya za ta tashi, baban ya shiga gaba ya ce wa direba, "Bi ta shataletale." Rabonsa da hanyar shekara arba'in.

A gidansu, ango ya miƙa mata safar, ta ce ya riƙe, ai yanzu safar ɗaki ɗaya za ta kwana da 'yar'uwarta. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, amin.