Hular Ango

A wani gari an yi wani tela mai son ɗaukar hoto. Ba sana'arsa ba ce, amma ba ya zuwa biki sai da kyamararsa.

Ranar ɗaurin auren abokinsa, ango ya durƙusa zai gaida surukinsa, sai hularsa ta faɗi, sanƙon da ya daɗe yana ɓoyewa ya bayyana. Daidai nan tela ya danna kyamara. Ango kuwa ya san halin abokansa. In hoton nan ya shiga hannunsu, tsokana har tsufa.

Da aka wanko hotuna, abokai suka cika shagon tela.

"Malam, fito mana da na sanƙon nan!"

"Hoton na mai shi ne," in ji tela.

Suka roƙa, suka yi fushi, suka sake roƙo. Tela dai ya ce, "Hoton na mai shi ne."

Ango ya zo daga baya.

"Wa ya gani?"

"Ni kaɗai. Ungo abinka."

Ango ya duba, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya tuntsire da dariya. "Ashe haka yake ƙyalli!"