Ƙugin Jitar Musaddiƙ

A bakin dam ɗin Kazaure Shahida ta fara ganinsa, tsugune gaban injin ban-ruwa, ya kara masa makirufo kamar likita na duba ƙirji. Tumatir ta zo saye, amma ƙafarta ta ƙi gaba.

"Malam, injin ne ba lafiya?"

Ya yi murmushi. "Lafiyarsa lau, muryarsa nake naɗa. Ungo, ji wanda na haɗa jiya."

Ta sa abin sauraron da ya miƙo mata a kunne. Ba waƙa, ba ganga, sai ƙugin inji da jita tana jan sauti guda kamar ba za ta numfasa ba. Da farko ta yamutsa fuska. Can sai ta ji kamar ƙasa na tafiya da ita a hankali.

"Wannan kuma sunansa me?"

"Mutanen garinmu Roni suna cewa hayaniya. Ni kuma sunana Musaddiƙ."

Malamin kimiyya ne a sakandare. In an tashi, sai ya bi injin niƙa da maƙera da makirufo, ya haɗa da jitarsa, ya ɗora a intanet. Tambayoyin Shahida ba sa ƙarewa, shi kuma bai taɓa samun mai tambaya ba.

Wata rana ya turo saƙo: "Kunnena, yau na gwada naɗar shirun ɗakina. Na saurara, sai na ji ke ce babu."

Ta amsa: "Sarkin hayaniya, to ka zo ka gaida Baba."

Sai dai Jamaluddeen, ɗan aminin mahaifinta da ya daɗe yana nemanta, ya riga shi. Ya shaida wa mahaifin nata, Alhaji Muhammadu Lawal, cewa yaron kiɗan aljanu yake yi, kuma duk Asabar yana Babura wurin wata Kellu.

"Ba zan ba maroƙi 'yata ba," in ji Alhaji.

Shahida ta daina ɗaga waya. Maganar Kellu ce ta fi yi mata ciwo. Har sai da hoto ya shigo daga Musaddiƙ: tsohuwa mai furfura rungume da shantu, tana dariya ba haƙori.

"Ga Iya Kellu, wadda nake zuwa naɗar shantunta. Ta ce in kawo ki ta ga wadda ta hana ni cin abinci."

Shahida ta yi dariya har da hawaye, ta kai wa mahaifinta wayar. "Baba, don Allah ka ji da kunnenka."

Alhaji ya duba hoton, ya mayar mata da wayar. Washegari ya nufi Roni ba sanarwa. Ya tambayi liman, ya tambayi maƙwabta, sannan ya zauna a ɗakin Musaddiƙ ya ce a kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, ido a rufe.

"Ban gane komai ba," ya ce. "Amma ban ji batsa ba, ban ji roƙo ba. Me ya sa yake da tsawo haka?"

"Baba, sai an yi haƙuri ake jin abin da ke ciki."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. "Turo magabatanka."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya dafa kan Shahida, ya riƙe hannun angon.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Ga ta nan, Musaddiƙ. Yadda kake sauraron injin mutane, ka riƙa sauraronta."