Kan Maraƙar Lele Saveta

A garin Runcu, in aka ambaci Lele Saveta sai muryoyi su yi ƙasa. Matan da ke layin kai madara suna cewa takan yabi ɗan maraƙin mutum ba tare da ta tofa yawu ta kore baki ba. Maza a shagon giya suna cewa tun da mijinta ya mutu ba ta hira da kowa sai saniyarta. Tsofaffi sun san ita ake kira a da in haihuwa ta gardama wa saniya, saboda hannunta siriri ne, amma su ma sun daina faɗa. Abin da bakin kowa ya zo ɗaya a kai a bazarar nan shi ne ta kwashe wa shanun gari albarkar nono. Hantsar shanu tana gyambo, suna harbi in an zo tatsa, madara ta ja baya. Saniyarta Dumana kaɗai ce lafiya lau. Har ƙungiyar masu kiwon shanun madara ta sa ranar zama don a hana Dumana shiga garken gari, a kuma daina karɓar madararta. Tsohuwar kuwa ba ta da wani abin dogaro bayan wannan.

Traian Bozga, shugaban ofishin 'yan sandan garin, ya sha jin zancen, bai taɓa tankawa ba. Ran Lahadi bayan an tashi daga coci sai ga ta a ƙofarsa, da baƙin kallabi, takalmanta duk jini.

"Yallaɓai, zo ka gani," ta ce. Ya bi ta har gidanta.

Maraƙar tana kwance a kan ingirici a ɗakin shanu, ba kai. Sara ne na gatari, ba na gwani ba, an maimaita shi. Dumana tana jan igiyarta tana kuka, muryarta ta dushe. Traian ya durƙusa ya duba. Cinyoyi suna nan, ba a taɓa nama ba. An goge gatarin gidan da ciyawa an jingine shi inda aka ɗauko shi.

"Yaushe kika bar ta da rai, Lele?"

"Da aka kaɗa ƙararrawar coci. Na ba ta ruwa na fita."

"Wa kike zargi?"

"Garin nan duka. Zaɓi wanda ka ga dama."

Maƙwabta sun jeru a bayan shinge, babu wanda ya shigo. Wata ta ce, yadda za a ji, ai masu irin wannan aiki da kan dabba suke amfani, wa ya sani ko ita ta sare da kanta. Traian ya dube ta har ta sunkuyar da kai.

Ya fara da Toader mahauci, wanda bai san hanyar coci ba, kuma an taɓa kama shi da tunkiyar da ba tasa ba. Ya same shi yana wanke katakon sara.

"Ina kake ɗazu da safe?"

"A gado, yallaɓai, ni da ciwon kaina. Giyar surukina ba ta da imani."

"An sare maraƙar Lele Saveta. An tafi da kanta."

"Kai kawai?" Toader ya ajiye tsumma. "An bar cinya da gadon baya? To wallahi ka ci mutuncina. Ni ɓarawo ne in ka ce, amma ba mahaukaci ba ne. Sara nawa?"

"Da yawa."

"Ni sara ɗaya nake yi. Je ka tambayi aladun garin nan."

Matarsa ta leƙo ta ce ko da wuta aka sa wa gidan da safen nan da ba zai tashi ba. Traian ya yarda, ba don ita ba. Mai son nama ba ya barin nama.

Daga nan sai gidan Bade Gavrila, shugaban ƙungiya. Shi ne ya tsaya a wurin karɓar madara ya ce da bakinsa zai ga bayan mayyar nan. Babban mutum ne, shanunsa sun fi na kowa, kuma shi ya kawo shawarar a sayo irin bijimin waje marar ƙaho, wanda duk abin da ya haifa ba ya fitar da ƙaho, don shanu su daina tsire juna a garke. Dorel Pintea, mai ɗura wa shanun ƙungiya iri, shi ke ajiye irin a tulun sanyi.

"Na faɗa, ba na musu," in ji Gavrila. "Amma ina coci tun farko har ƙarshe, ni na riƙe kyandir a gaban limamin coci. Gari duka shaida ne. Kuma da ni ne, saniyar zan kashe, me maraƙa ta yi mini?"

"Nuna mini naka shanun, Bade."

Ya kai shi. Traian ya tsuguna ya daɗe yana kallon hantsar saniya ta farko. Gyambon ba a ko'ina yake ba. Yana sama da nonuwa da gefen ciki, daidai inda ɗan maraƙi ke tunkuɗa da kai in yana tsotso. Fatar ta yi fari ta kwaile. Ya san irin wannan tabo. Uwarsa tana da shi a hannu, daga sodar da take dafa sabulu da kitsen alade duk kaka.

"Ga wannan kuma," Gavrila ya jawo wani maraƙi. "Ido ɗaya ya mutu. Ka ce mini wannan ba aikin mutum ba ne."

"Aikin mutum ne," in ji Traian.

Wani layin da gashi ya zube ya sauko daga saman kan maraƙin zuwa idon. Traian ya buɗe gashin kan da yatsa. Ɓawon gyambo biyu, zagayayyu, dama da hagu, an aske gefensu da almakashi.

"Wannan fa?"

"Haka jinsin yake. Dorel ya ce gurbin ƙahon ne ke bushewa."

"Yaushe yake zuwa wurin maraƙi?"

"Kwanakin farko. Ya sa lambar kunne, ya yi allura."

"Kana tsaye?"

"Yakan aike ni ruwan ɗumi." Gavrila ya saki maraƙin. "Me kake nufi?"

"Ranar da ya zo wa wannan, an yi ruwa?"

"An yi. Rufin can yana yoyo, a ƙarƙashinsa maraƙin ya kwana."

Traian ya miƙe. Ya wanke hannu a kwarin shan ruwa ya fita. A hanya ya tuna cewa Dorel ya taɓa zuwa ofis yana ƙorafi, wai tsohuwar ta hana shi shiga ya sa wa maraƙarta lamba, ko hukuma za ta tilasta mata. A lokacin ya ɗauka ƙwazon aiki ne.

Ya tarar da Lele Saveta tana tatsar Dumana, goshinta a jikin saniyar. Ya zauna a kan itacen faskare, ya bar ta ta gama.

"Me ya sa kika hana Dorel shiga?"

"Ba a nuna wa baƙon ido jaririn dabba sai ya yi ƙwari. Haka uwata ta yi. Su da suke kirana mayya, su suka bar wannan."

"Ba ni labarin maraƙar."

Ta dube shi kamar ba ta gane ba. Da alama an daɗe ba a tambaye ta komai ba. Sai ta fara, a hankali. Ja ce da fari, kamar uwarta. Tana son a sosa mata ƙarƙashin haɓa. Ta iya kwance igiya da baki.

"Jan zaren tsari ma a wuya na ɗaura mata, tana cinyewa. Na ce bari ƙahon ya ƙara fitowa in mayar da shi can."

"Ƙaho, Lele?"

"Ya fara tsirowa. Kamar kan babban yatsa."

"Ba irin bijimin waje aka ɗura wa Dumana ba?"

"Shi na biya. Shi ya sa na tambayi Dorel ta kan shinge ran Juma'a, na ce ko masu rajistar jinsin shanu za su ƙi ta saboda ƙahon, tunda suna tafe. Ya ce kar in faɗa wa kowa, zai gyara."

"Kin faɗa wa wani?"

"Wa zan faɗa wa?"

Dorel yana zaune a ƙarshen gari, kusa da gada. Mutum ne mai sanyin hali, kullum cikin wankakkiyar riga, kowa na son sa. Traian ya same shi a rumfar mota, ya ce ya buɗe jakar aikinsa. Safar hannu, allurai, abin huda kunne, ƙaramin almakashi. A aljihun gefe akwai gwangwanin man ƙona ƙaho, saura kaɗan ya ƙare.

"Garin da maruƙa ba sa fitar da ƙaho, me kake yi da wannan?"

"Na wasu ƙauyuka ne, yallaɓai."

"Ina ka je da safe?"

"An kira ni. Wata saniya ta nemi bijimi, ba ta san Lahadi ba." Ya yi ɗan murmushi.

"Saniyar wa?"

Murmushin ya tsaya. Duk mai saniya a Runcu yana coci, kuma Dorel ya san Traian zai bi gida gida.

"Zauna, Dorel. Zan faɗa maka abin da na gani, ka gyara mini inda na kuskure. Irin da kake ɗura wa shanun nan ba na bijimin waje ba ne. Maruƙa suna zuwa da ƙaho. Kana aiken mai gida ruwan ɗumi, ka aske gurbin, ka shafa wannan. Ba ka iya ce musu su raba maraƙi da uwarsa har man ya bushe, domin za su tambaye ka dalili. Maraƙi ya je tsotso ya goga wa uwar a hantsa. Na Gavrila ruwa ya zubo masa, man ya gangara ido. Gida ɗaya ne ba ka shiga ba, shi ya sa saniya ɗaya ce ba ta ƙone ba, kuma maraƙa ɗaya ce ke da ƙaho. Ƙahon ya wuce a shafa masa mai. Masu rajista suna tafe. Ba nama kake so ba, ba kuma tsohuwar kake ƙi ba. Kan ne kawai ya dame ka."

Dorel yana kallon ƙasa.

"Gobe likitan dabbobi zai zo daga birni ya ɗebi jinin kowane maraƙi. Jini zai faɗi ubansu. Ka fi so in ji daga bakinsa?"

"Tulun ne ya bushe," in ji Dorel, da ƙyar ake jin sa. "Lokacin da matata ke asibiti. Na manta in sa a ƙara masa ruwan sanyin. Na dawo na buɗe, irin duka ya mutu. Gumin gari duka, yallaɓai. Na sayo na bijimin gida na ce kafin a gane zan san yadda zan yi."

"Kana ji ana kiran ta mayya."

"Ina ji."

"A gabanka aka sa ranar korar saniyarta."

"Ni ban taɓa cewa ita ce ba."

"Ba ka taɓa cewa ba ita ba ce. Ina kan?"

Ya nuna tarin taki a bayan rumfa. Traian ya miƙa masa cokalin kwasar taki ya ce ya tono da kansa. Kan yana cikin buhun dusa. Ƙahonin biyu suna nan, ƙanana, baƙaƙe.

Zaman ƙungiya bai fasa ba, sai dai abin da aka taru a yi ba shi aka yi ba. Traian ya ajiye buhun da gwangwanin a kan tebur ya yi bayani sau ɗaya. Babu wanda ya yi ihu. Mutane suka riƙa fita ɗaya ɗaya suna zuwa shafa kan maruƙansu. Aka tafi da Dorel birni. A wurin karɓar madara zancen ya koma kansa, yadda dama wasu sun ce idonsa bai kwanta musu ba. Sunan Lele Saveta kuwa ba a ambata ba ko kaɗan, kamar ba a taɓa cewa komai ba. Ita ma ba ta sake kawo madara ba.

Traian ya je ya sanar da ita ranar shari'a, sai ya tarar da motar dillalin shanu a ƙofarta. Ana tura Dumana kan katako tana tirjewa. 'Yar Lele Saveta da ke aiki a Italiya ta aiko uwarta ta koma wurinta. Maƙwabta suna bayan shinge kamar ranar farko, Gavrila yana cikinsu, ya cire hula yana murza ta.

"An wanke ki, Lele," in ji Traian. "Ba wanda zai hana ki komai yanzu."

"Kai ka wanke ni, yallaɓai. Aikinka ne. Su ban ji komai daga gare su ba." Ta gyara igiyar da ke wuyan saniyar, ta ce wa dillalin ba ta son a tatse ta da hannu mai sanyi.

Gavrila ya matso gefen motar. Ya ce ƙungiya za ta ɗura wa Dumana iri kyauta in ta fasa sayarwa. Ba ta juyo ba. Ya ce za a ba ta maraƙa cikin nasa, ta zaɓa. Dillalin ya ɗaga murfin baya ya sa sakata. Sai Gavrila ya faɗi wani abu a cikin gemunsa.

"Kunnena ya tsufa, Gavrila," ta ce. "Ranar da ka kira ni mayya har bakin gada an ji ka."

Ya dubi mutanen da ke bayan shinge. Wuyansa ya yi ja. Ya ɗaga murya yadda yake ɗaga ta a wurin taro.

"Lele Saveta, ƙarya na yi miki, kuma ni na ja garin nan suka bi. Ba ki cuci saniyar kowa ba. Mu muka cuce ki. Ki yafe mini."